A Bar Mana Alkaki A Akwatin Sallah

Na yi niyyar wannan karon in ƙarasa maganar da muka faro ta auren 'yan nan da 'yan gida, to sai ga wata rigima ta ɓullo a ƙungiyarmu ta shabab ɗin Bani Malik, kuma wallahi tun ranar ban samu sukuni ba, don haka ku yi mini uzuri in sauke ta tukuna. Rigimar kuwa a kan alkaki ce. E, alkakin dai da kuka sani, na garar amare. Kada wani ya yi dariya, domin kuwa saura ƙiris zumuncin shekara da shekaru ya samu tangarɗa a kansa ranar Juma'ar da ta wuce.

Ma'ajinmu ne ya tayar da ƙurar. Ɗan kawuna ne, taubashina ke nan, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa a nan ba shi da bakin yin fushi. Ya zo taro da littafin lissafinsa a hammata, ya gyara murya ya ce ya zauna ya bi cinikin akwatin Sallah na shekara uku, ya gano cewa alkaki da nakiya da dubulan ba abin da suke jawo mana sai asara da ciwon baya. Shawararsa ita ce bana a cire su gaba ɗaya, a sayo ma'amul na kamfani kwali-kwali a farashin sari, a haɗa da cincin da gireba, khalas, kowa ya huta. Nan take wuri ya kaure da hayaniya. Wata ƙawata ta ce to a ƙirga mana, kowa ya faɗi abin da ya fi so a cikin akwatin. Aka bi ɗaya bayan ɗaya. In ka cire yara biyu da suka ce tuwon madara, kowa alkaki ya ce, har shi ma'ajin. Sai ya rufe littafi ya dube mu ya ce, "Ɗayyib. Wa ya iya yinsa a cikinku?" Ɗaki ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki.

Bari in ɗan koma baya saboda masu karanta mu daga Kano da Maraɗi da sauran wurare, waɗanda ba su san mene ne akwatin Sallah ba. Tun muna yara a hara, iyayenmu mata kan haɗu a goman ƙarshe na azumi su yi kayan zaƙi, mu 'yan mata mu jera a faranti, samari su kai gida-gida, abin da aka samu a saya wa makarantar allon unguwa fanka ko shimfiɗa, ko a yi wa yara masu ƙwallo riguna. Da muka girma sai muka karɓi abin, faranti ya koma akwatin kwali mai murfin leda, ana rubuta sunayen masu so tun tsakiyar Sha'aban. Ba ma tsayawa bakin masallaci da kwano, ba ma kuma yaɗa lambar asusun banki, kowa ya san hukumar ƙasar nan ba ta wasa da tara kuɗin taimako ba tare da izini ba, ga dandalin Ehsan nan ta buɗe tun 2021 don mai son sadaka ya bi ta can. Namu na cikin gida ne: dangi, maƙwabta, abokan aiki. Ka sayi abin da dama sai ka saya don baƙin Sallah, abin da ya yi saura bayan an cire kuɗin kaya ya shiga asusu.

Kuma asusun nan tuntuni ya wuce maganar fanka da riguna. A Yulin 2017 aka ɗora wa baƙi ma'aikata kuɗin murafiƙin, wato abin da mai iƙama ke biya kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Ya fara da riyal 100 a wata, ya koma 200 a 2018, 300 a 2019, ya kai 400 a Yulin 2020. Ku yi lissafi da kanku: magidanci mai mata ɗaya da 'ya'ya biyar, riyal 2,400 ke nan duk wata, 28,800 a shekara, bai biya haya ba, bai sayi shinkafa ba. A cikinmu akwai masu jinsiyya da abin bai shafa ba, akwai kuma masu fasfon Nijeriya da na Nijar da aka haifa a nan, ba su taɓa ganin Katsina ko Damagaram ba sai a waya, su kam ya kama su a wuya. Ribar akwatin Sallah ba ta isa ta biya wa ko da gida ɗaya na shekara ba, ba na yaudarar kaina. Amma ta sha cike giɓin da ya hana a sabunta wa yarinya iƙama ana gab da jarrabawa, ta taɓa sayen tikitin tsohuwar da ta ce a mai da ita gida ta ƙarasa kwanakinta, ta sha ɗaukar abincin zaman makoki. Ga shi kuma kayan yin ba su tsaya inda muka san su ba, harajin saye da aka fara da kashi 5 cikin ɗari a 2018 ya zama kashi 15 a 2020, ya hau kan sukari da mai da kwalin kansa. Saboda haka in ma'aji ya ce riba, ba rowa ce ke damunsa ba, shi ne wanda ake buga wa waya da tsakar dare. Wannan kam na ba shi.

Hujjarsa mafi ƙarfi daga Amurka ya ɗauko ta. Wata 'yar uwarmu da ke aure a can ta taɓa aiko mana da biskit ɗin da 'yan matan sikawut ke sayarwa kowace shekara don tara wa ƙungiyarsu kuɗi. Su ma da gashin gida suka fara, a 1917, a wani gari da ake kira Muskogee a jihar Oklahoma, inda 'yan mata suka gasa suka kai ɗakin cin abincin makaranta suka sayar. A 1936 uwar ƙungiyar ta fara bai wa kamfanoni lasisin gasa musu, aka tafi a haka har ya zama kamfani biyu ne ke yi musu duka, suna sayar da akwati wajen miliyan 200 a kaka guda. Wanda ya fi kasuwa shi ne Thin Mints, mai cakulan da na'ana'a (ni dai ɗanɗanon man goge baki na ji, Allah na tuba), akwai kuma Samoas mai kwakwa. Ma'aji ya ce kun gani, da sun nace lallai sai uwa ta gasa da hannunta, da har yau suna nan a Muskogee suna ƙirga kwabbai.

Gaskiya ne, amma rabin labarin ya faɗa. Thin Mints ɗin nan ba ka shiga kanti ka ɗauko shi a kan kanta. Sai ta hannun 'yan matan, sai kuma a 'yan watannin kakarsa, shi ya sa mutane ke zuba ido, in ya fito su saya da yawa su ɓoye a firiza. Ma'amul na kamfani fa? Kowace baƙala a Jidda akwai shi, safe da dare, azumi da bayan azumi. Me zai sa mutum ya rubuta sunansa tun Sha'aban, ya jira mu, ya biya mu fiye da kuɗin baƙalar da ke ƙasan gidansa? Shekarar farko zai saya don kunya, ta biyu ya ce ya yi tafiya. Abin tambaya shi ne mene ne namu da babu shi a baƙala. To bari mu buɗe akwatin mu duba.

Cincin shi ne jakin akwati. Shi ke ɗaukar kaya, shi ke cike gurbi, ba wanda ya taɓa cewa shi ya fi so, amma ku duba ranar Sallah da la'asar ku ga wane ne ya fara ƙarewa. Fulawa, sukari, bota, ƙwai, a yanka a soya, ko yarinya 'yar shekara goma sha biyu ta iya. Maƙiyinsa ɗaya ne, ruɗubar Jidda, wannan damshin iskar teku da ke sa riga ta manne a baya. In aka rufe shi da sauran ɗumi, kafin Sallah ya yi laushi kamar an jiƙa. Ba mai rigima a kansa, mu wuce.

Gireba kuwa tana da labari. Tamu da man gyaɗa ake murza fulawar, a barbaɗa riɗi a kai a gasa. Shekarar da na fara kai wa wata maƙwabciyarmu 'yar asalin Makka, ta gutsura ta dube ni ta ce, "Ya binti, wannan ai ghuraibarmu ce, ina kuka kai saman da hel ɗin?" Na dawo gida ina huci na ce wa Umma wai matar nan cewa ta yi mun kwaikwayi abinsu. Umma ta yi dariya ta ce ai ba ƙarya ta yi ba. Sai da na girma na gane yawancin sunayen da ke cikin akwatinmu daga Larabci suka fito. Alkama kanta daga al-ƙamh take, alkubus daga al-khubz, alewa daga halawa, gireba daga ghuraiba, alkaki daga al-ka'ak, dubulan ma yana da ɗan uwa a Libiya da Tunisiya da suke kira dibla. Larabawan Gadamas da Tarabulus da suka ratso Sahara da raƙuma suka zauna a birnin Kano, a unguwanni irin su Dandalin Turawa da Alfindiki, su ake dangantawa da yawancin abincin alkamar nan. Daga can kakannin wasunmu suka ɗauko shi suka yo gabas a ƙafa, ta Barno, ta Cadi, ta Darfur, ana tafiya ana tsayawa noma da ƙodago shekara da shekaru, har Sawakin, su shiga jirgin ruwa su ƙetare Bahar Maliya su sauka Jidda. Iyayen wasunmu kuma a jirgin sama suka zo cikin shekarun 1970 da 1980, da girkin a ka. Ya'ani abin ya zaga ne ya dawo. Su ma mutanen Hijaz ai sun karɓi tsirenmu, suna nan suna ce masa sere, ba mu ce sun yi sata ba. Aibin gireba ɗaya ne, ba ta da ƙashi. Samarinmu masu kai kaya ba sa ganin tudun rage gudu a titi sai sun hau shi, in ka buɗe akwati sai ka tarar da gari.

Ma'amul fa, kada a ce gaba nake da shi. Ni a nan aka haife ni, na ci ma'amul kafin in san akwai wani gari wai shi Kano. Irin na Hijaz mai saman da dabino da hel da habbatus sauda, wanda mutanen Makka suka saba yi tare da ghuraiba in Hajji ya ƙarato ya zama guzurin Mina da Arfa, wallahi in ya fito daga tanda ba na iya tsayawa a guda biyu. Wanda ƙawayena ke bugawa da hannu a ɗan katakon nan mai zane, shi ya fi kawo mana kuɗi ma, don shi abokan aikin samarinmu Larabawa ke saya, ya dace da gahawa. A bar shi, a ma ƙara yawansa. Na kwali ne ban yarda da shi ba.

Tuwon madara na yara ne, ɗan uwan labaniyyar Makka, kuma ba ya jure zafin mota. Dubulan kuwa, na san zan ba wasu haushi, amma na sallama shi. Ado ne kawai. Mace uku za su kwana murzawa da yankawa da naɗewa, a tsoma a sukari ya fito kamar fure, kwana biyu ruɗuba ta kwantar da shi. A bar shi ga garar amare inda ake yi don a gani. Taubashi, ka ci wannan.

Nakiya masu sonta ba su da yawa, amma ba sa sauya ra'ayi: tsofaffi, da gidan da ke da mai jego. Shinkafar tuwo ce ake soyawa a daka da sukari ko zuma, da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a haɗe ta da man shanu, ta yi wata da watanni ba ta lalace ba. Matsalar nakiya ba kuɗi ba ce, turmi ne. A Bani Malik gidanmu na ƙasa ne mai tsakar gida, turmi na nan a gindin bango, in aka fara daka bayan tarawihi ba mai cewa uffan, don maƙwabtan ma kowa a nasa aikin yake. Yanzu wa ya isa ya yi daka a bene na uku, da mutane a ƙasansa? Bugu uku za ka ji ana ƙwanƙwasa ƙofa.

Tunda na ambaci gidan, dole in faɗi abin da ya same shi, don a nan ne asalin rigimar take. Tun ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda, aka fara da kudu, Ghulail da Betromin, aka bi ta Karantina da Sabil da Hindawiyya da Kandara, unguwannin da kowannenmu ke da dangi a ciki. An dakata da azumin 2022, bayan Sallah aka iso ɓangarenmu na Bani Malik. Akwatin Sallar wannan shekarar mun yi shi ne da jan fenti a jikin bangayen hara, an rubuta ikhla', ma'ana a tashi. Mata na suya suna hawaye suna cewa hayaƙin mai ne. Diyya ta masu mallakar gida ce, mu kuwa akasarinmu 'yan haya ne, don haka duk abin da ke asusu ya ƙare a kuɗin motar dina ta kwasar kaya da cikon hayar sababbin wurare. Aka watse: wasu Harazat, wasu Bahra, wasu Makka, wasu suka ce sun gaji suka koma gida gaba ɗaya. Har yau muna kiran kanmu shabab ɗin Bani Malik, alhali in ka je lungunmu ko alamar ƙofa ba za ka gane ba.

Kafin rusau mata uku ne ke riƙe da alkakin ƙungiya. Ɗaya ta koma Maraɗi wajen ɗanta. Ɗaya Allah Ya yi mata rasuwa, Allah Ya jiƙanta. Saura Gwaggo, yayar babana, wadda yanzu take gidan ɗanta a gabashin gari, gwiwa ta ƙi, ido ya fara ja baya. Shekara biyun nan ita kaɗai ke zama a kan kujera 'yar tsugune tana naɗawa har sahur, mu kuma mu zo da mota mu kwasa mu ce Allah Ya ƙara lafiya. Da muna hara, yarinya kan koya ba tare da an koya mata ba, tana zaune tana miƙo faranti tana kallo. Yanzu tsakanina da Gwaggo tafiyar kusan awa ce in titi ya cushe.

Bara na ce ni zan raba gardama, na yi alkaki ni kaɗai a gidana. Na san tsarin a baki, wa bai sani ba? A wanke alkama a shanya, a ɓarza ta kada ta yi laushin fulawa, a murje ta da mai har ko'ina ya ji, a kwaɓa da nono mai tsami ko yis, kwaɓi mai tauri, a rufe ya kwana. Da safe a zuba ruwan kanwa ya kashe tsamin, a buga shi har ya yi danƙo, a murza kamar igiya a naɗe a yatsu, a soya a mai marar zafi sosai har ya yi ja, a tsame shi da zafinsa a jefa cikin zuma, ko sukarin da aka dafa da tsamiya ko lemon tsami don kada ya daskare. Shi ke nan fa, a faɗe. To ni da na tashi sai na yi wayo, na sayi samid na leda maimakon in kai alkama inji, na ajiye kwaɓin a ɗakin da mukayyif ya kwana yana aiki, da safe na tarar da shi yadda na bar shi. Na ce ba komai, na antaya kanwa. Na cika wuta don ina sauri. Rabi ya wargaje a cikin mai, rabin da ya tsira kuma baƙi a waje, ɗanye a ciki, ga ɗacin kanwa. Mijina ya ci guda ɗaya ya ce ma sha Allah, ya tashi ya sha ruwa kofi biyu.

Na ɗauki sauran na kai wa Gwaggo. Ta karya ɗaya ta shinshina, ko baki ba ta kai ba. Ta ce, "Ke 'yar nan, a ina kwaɓin ya kwana?" Na faɗa mata. Ta ce, "Ke kya tashi in an kwantar da ke a firji?" Na ce to Gwaggo ki faɗa mini kanwar giram nawa ce in rubuta. Ta daɗe tana dubana, sannan ta buɗe tafin hannunta ta ce, "Ga giram ɗin nan." Ita da hanci take sanin kwaɓi ya kai, da yatsa take sanin mai ya isa, alkamarta kuwa tsaba take sa a sayo mata daga Bab Makka a kai inji tana gargaɗin kada a lallasa. Kanwa ma ba kowacce take karɓa ba, ta fi son wadda masu Umra ke zuwa da ita daga gida tare da kuka da daddawa, in ta yanke ne take haƙura da aɗrun na shagon Sudaniyawa. Wannan ilmin ba ya cikin littafin ma'aji, ba ya cikin wayata, a hannun mace ɗaya yake mai ciwon gwiwa.

Ga kuma abin da ya sa na ce alkaki ne namu da babu a baƙala. Sunan na Larabawa ne, na yarda, amma je ka nemi ka'ak a kanti ka gani, busasshen zobe za a miƙo maka na tsoma wa shayi. Wannan mai nauyi, mai ɗan tsami a ƙarƙashin zaƙi, wanda zuma ta ratsa har cikinsa, wanda ruɗubar Jidda ba ta iya masa komai ko ya yi wata a gwangwani, a ƙasar Hausa ya zama haka. Ni ke karɓar kiran masu yin oda, na san tambayar da ake fara yi mini: "Akwai alkakin Gwaggo bana?" In na ce e, sai a ce a rubuta akwati uku. Guda huɗu ne kacal a kowane akwati, sauran duk cincin ne da gireba da ma'amul, amma huɗun nan ne ke jan sauran. Littafin ma'aji ya ware wa alkaki shafinsa shi kaɗai, ya ga zuma da mai sun cinye kuɗinsa, ya rubuta asara. Bai rubuta akwatunan da aka saya saboda shi ba.

Akwai kuma laifinmu da ba ma son faɗa. Mun yi shekaru muna sayar da alkaki da kunya, kamar muna roƙon a taimaka a karɓa, alhali a biki in aka ce a yi wa amarya na gara kowa ya san abin da ake biya. Kuma ko sau ɗaya ba mu taɓa ware wa matan da ke kwana a bakin wuta ko riyal ɗaya ba, mun maida ƙarfinsu kamar ruwan famfo. Haram wallahi.

Abin da na kai gaban taro, kuma nake neman duk ɗan ƙungiya da ke karanta wannan ya mara mini baya, ga shi. Dubulan ya fita. Nakiya a yi ta ga wanda ya nema kawai, a gidan kawu da ke Bahra tunda shi yana da tsakar gida da turmi. Ma'amul na hannu a ƙara. Alkaki ya zauna a akwati guda huɗunsa, sannan a yi masa gwangwani na daban mai farashin da ya dace da shi, a biya tun Sha'aban kafin a sayi ko mudu ɗaya na alkama, in an cika adadin da Gwaggo za ta iya a rufe rubutu, wanda ya makara sai baɗi. A fitar wa Gwaggo kasonta kafin a kai komai asusu, ko ta ce ba ta so, a sa mata a ƙarƙashin filo. Mafi girma kuma, bana ba za ta naɗa ita kaɗai ba. Mutum uku aƙalla su zauna da ita tun daga wankin alkama har tsamewa daga zuma, ba sau ɗaya ba, sai ta karya nasu ta kai baki.

Ma'aji ya ce in gwangwanin bai fita ba fa, wa zai cike? Na ce ai shi ya sa za a biya tukuna. Ya ce in 'yan koyon suka ɓata alkama irin yadda wata ta ɓata bara fa? Ban tanka masa ba, don Umma na wurin. An ɗage ƙuri'a zuwa Juma'a mai zuwa bayan isha'i.

Ni dai ban jira ƙuri'a ba, na riga na je na sami Gwaggo. Ta ce ta yarda, ranar Alhamis bayan la'asar za a kwaɓa, Juma'a da hantsi a soya. Mu biyu ne zuwa yanzu, ni da ƙawata mai cewa a ƙirga, muna neman ta uku. Sharaɗinta: duk mai zuwa ta yanke farce, ta zo da zanen aiki, waya kuma a bar ta a jaka, sai da na yi ta magiya kafin ta amince mutum ɗaya ya ɗauki hoton hannunta kawai ban da fuska. Na ce Gwaggo alkamar fa, wa zai kawo? Ta ce, "Wannan yaron mai littafi. Ya je Bab Makka ya ɗauko, ya hawo da ita bene na uku a kafaɗa, lif ɗinmu ya lalace."

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu, mu koma maganar aure. Wassalam.